Awon Maniyyi: Daga Holan Zuwa Tukunus

Ƴan'uwa makiyaya da manoma na ƙasar Kurfai, kowa ya san saniya ba ta haihuwa sai da bijimi. To, yaya ake gane bijimi mai haihuwa tun bai haifa ba? Wannan tambaya tana da tarihi.

A shekarar 1677 wani mutumin Holan mai suna Lewanhuk ya duba maniyyi da gilashi mai ƙara girman abu. Sai ya ga ƙwayoyi masu wutsiya suna iyo a ciki. Daga baya masana suka gane su ne irin namiji. Suka fara ƙirga su, suna duba motsinsu da siffarsu. A 1949 kuma masana a Ingila suka gano dabarar daskarar da maniyyi, a ajiye shi bai mutu ba.

Wannan ilimi ya iso gare mu ta hanyar shanu. A 1931 aka fara aikin zaɓen shanun Azawak a Filinge. A 1954 aikin ya koma Tukunus. Daga baya masanan Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai da na Turin a Italiya suka yi aiki tare a can. Sun ɗebi maniyyin bijimai, sun auna shi, sun sa wa shanu ba tare da barbara ba.

Awo yana tsame bijimin da irinsa ya yi kaɗan ko ba ya motsi. Amma bijimai biyu suna iya cin awo daidai, ɗaya ya fi ɗaya ba da ciki. Shaida ta ƙarshe ita ce maraƙi.

Haka yake ga mutum. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da littafin awon maniyyi a 1980. A bugun 2021 ta sa iyaka: ƙwaya miliyan 16 cikin mililita ɗaya, wato kashi ɗaya cikin biyar na ƙaramin cokali. Daga maza masu haihuwa aka samo wannan adadi, kuma 5 cikin 100 nasu ba su kai shi ba. Ke nan mai ƙasa da iyaka yana iya haihuwa, mai sama da ita kuma yana iya jinkiri. Zazzaɓi mai zafi ma yana rage ƙwayoyi, shi ya sa akan sake awo bayan wata uku. Idan an sake ba a ga ƙwaya ko ɗaya ba, nan ne awo ya yi magana sarai.

Mata da yawa sun sha gori, wasu har saki, alhali matsalar tana wajen miji. In shekara ta cika babu ciki, miji da mata su tafi likita tare. Awon namiji ba ya da zafi, kuma ba abin kunya ba ne.