Kwalejin Ilimi ta Zuba

Kwalejin Ilimi ta Zuba makarantar horas da malamai ce mallakar Birnin Tarayya Abuja, wadda aka kafa a 1996. Tana garin Zuba, cikin ƙaramar hukumar Gwagwalada, ba nisa da Dutsen Zuma, wanda hotonsa ke jikin tsohuwar takardar naira 100. Ɗalibanta na fita da takardar shaidar malanta ta NCE.

Zuba tsohon garin ƙabilar Koro ne, sarkinsa kuwa Agora ake ce masa. Gbagyi ma tun kaka da kakanni suke noman doya da ginin tukwane a yankin, matansu na ɗaukar kaya a kafaɗa maimakon ka. A kasuwa kuwa, Hausa ce ke haɗa kowa.