Musa 'Yar'aduwa: Bakatsinen da aka damƙa wa Legas

Idan aka ambaci sunan 'Yar'aduwa a Babbar Kasuwar Katsina a yau, hankalin masu saye da sayarwa kan tafi ga Umaru, wanda ya yi gwamna daga 1999 zuwa 2007 kafin ya shugabanci Nijeriya, ko ga yayansa, Janar Shehu. Ba kasafai ake tuna mahaifinsu Malam Musa ba, alhali shi ne ya fara kai sunan gidan majalisar ƙasa.

An haife shi a 1912, a gidan da ke riƙe da sarautar Mutawalli, wato mai kula da baitulmalin masarauta. Ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya koyar a makarantar Midil, daga baya ya koma aikin En'e. Wannan hanya ce yawancin jagororin jam'iyyar NPC suka bi, domin a lokacin En'e ce ke tara haraji, ta riƙe kotu da 'yan doka, a cikinta kuma ɗan boko ke koyon mulki.

A zaɓen Disamba na 1959, NPC ta ci kujeru 134 cikin 312 na Majalisar Wakilai. Malam Musa ya samu kujerar Katsina ta Tsakiya, sannan a 1960 Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ya ba shi Ministan Harkokin Legas.

Muƙamin yana da ƙaya. Jam'iyyar Awolowo ta daɗe tana cewa Legas ƙasar Yarabawa ce, a bar ta cikin Jihar Yamma. Sauran sassan ƙasar kuwa suna ganin babban birni da tashar jiragen ruwan da gyaɗa da audugar Arewa ke fita ta cikinta bai kamata su zama mallakar jiha ɗaya ba. Tsarin mulki na 1954 ya mai da birnin yankin tarayya, don haka filaye da gidaje da tsarin gari suka shiga hannun minista. Ta haka Bakatsine ya zama mai faɗa a ji kan filayen mutanen da ba su zaɓe shi ba, kuma ba su da ikon sauke shi.

Juyin mulkin 15 ga Janairu, 1966 ya rushe majalisar da muƙamin tare. A 1967 aka ƙirƙiri Jihar Legas, a Disamba 1991 kuma gwamnati ta ƙaura Abuja. Malam Musa ya ga duka biyun kafin rasuwarsa a 1993, yana Mutawallin Katsina kamar mahaifinsa.