Tukunyar gaz, ƴar kwalbar iska da rigar ceto: abin da dokokin sufuri suka tanada

Kaya iri ɗaya na iya wucewa lami lafiya a tashar motar Birnin Ƙonni, a tsayar da shi a filin jirgin Diori Hamani na Yamai, a kuma ƙi karɓarsa sam a gidan waya. Haka lamarin yake ga duk abin da aka matse iska a cikinsa, daga tukunyar gaz ta girki har zuwa ƴar kwalbar da ke hura rigar ceto. Ga bayani a kan dalilin haka da ƙa'idodin da suka shafi matafiya da ƴan kasuwa na gundumomin Ƙonni, Malbaza da Illela a jihar Tahoua.

Iska iri biyu, haɗari iri biyu

Gaz ɗin girki, wato bitan, ana matse shi ne har ya zama ruwa a cikin tukunya. Lita guda ta wannan ruwa, in ta samu mafita, tana komawa iska fiye da lita 200. Iskar ta fi wadda muke shaƙa nauyi kusan sau biyu, saboda haka ba ta tashi sama: ƙasa take kwanciya, ta taru a rami, a ƙarƙashin kujerar mota ko a ɗakin da ba tagogi, tana jiran tartsatsi.

Iri na biyu shi ne gaz karbonik, da ake rubutawa CO2. Shi ne a cikin ƴan kwalaben ƙarfe masu girman babban yatsa da ake hura rigar ceto ko tayar keke da su. Wannan ba ya kama wuta, da shi ma ake kashe ta. Haɗarinsa matsi ne: a zafin digiri 20, matsin da ke cikin kwalbar ya kai bar 57, alhali tayar ƙaramar mota ba ta wuce bar 2 zuwa 3 ba. In zafi ya ƙaru, matsin ya ƙaru. Shi ya sa ake rubuta a jikin irin waɗannan kwalabe da gwangwanayen feshi cewa kada su kai digiri 50. A watannin Afrilu da Mayu zafin Ƙonni kan haura digiri 40 a inuwa, kuma cikin motar da aka rufe a rana yana zarce 50 cikin sauƙi.

Lambobi da launuka

Tun 1956 Majalisar Ɗinkin Duniya ke fitar da kundin shawarwari a kan dakon kaya masu haɗari. Kundin ya raba su aji tara, ya ba kowane lamba mai alƙaluma huɗu da ake fara ta da haruffan UN. Iskar da aka matse tana aji na 2. Mai kama wuta ana manna mata jar takarda mai kusurwa huɗu da hoton harshen wuta. Marar kama wuta, koriyar takarda da hoton tukunya.

Gaz ɗin girki yakan tafi da lamba UN 1965 ko UN 1075, zallar bitan UN 1011, gaz karbonik UN 1013. Ƙananan kwalaben gaz da ba a sake durawa suna da UN 2037, gwangwanayen feshi na turare da maganin sauro UN 1950. Rigar ceto mai hura kanta tana aji na 9 da lamba UN 2990, alamarta kuwa farar takarda ce mai baƙaƙen layuka bakwai a rabin sama.

Mai tsaye a bakin babbar hanya ta RN1 a Galmi ko Tsarnawa zai iya karanta wani ɓangare na wannan tsari a jikin motocin tanki masu ɗauke da allo mai ruwan lemo. Lambar sama tana faɗin irin haɗarin, ta ƙasa sunan kayan: 23 bisa 1965 gaz ne mai kama wuta, 33 bisa 1203 esans, 30 bisa 1202 gazuwal. Allon ya samo asali daga yarjejeniyar ADR da aka sa wa hannu a Janeba a 1957, wadda Najeriya ta shiga a 2018. Amfaninsa shi ne ƴan kwana-kwana su san abin da ke gabansu tun daga nesa.

Rigar ceto: ba duka ce doka ta shafa ba

Masunta da masu kwale-kwale a madatsun ruwan Mozage da Zango a kan Magiya, da ma'aikatan da ke duba su, na iya cin karo da riguna iri biyu. Ta soso ba ta da iska a ciki, ana ɗaukarta kamar kowace tufa. Ɗayar kuwa a naɗe take, da kwalbar gaz karbonik a ɗaure a jikinta, yawanci mai giram 33 ga rigar babban mutum. In aka ja igiya, allura ta huda kwalbar, rigar ta kumbura cikin daƙiƙu kaɗan. Wasu ma ba sa jiran hannu: akwai ƙwayar da ke narkewa in ta jiƙe, sai ta saki allurar. Don haka rigar da aka ajiye a buhun da ruwan damina ya taɓa tana iya kumbura a hanya, ta yaga kwalinta, a isa da ita ba sauran iska.

A jirgin sama

Ƙa'idodin sun fito ne daga hukumar jiragen farar hula ta duniya, OACI, da ƙungiyar kamfanonin jirage, IATA. A Nijar hukumar ANAC ce ke kula da harkar jiragen farar hula. Matafiyi na iya tafiya da rigar ceto mai hura kanta har guda biyu, kowace da kwalba ɗaya ko biyu a jikinta da wasu biyu na ajiya, bisa sharaɗi biyu: kamfanin jirgin ya amince tun kafin tafiya, kuma a shirya rigar yadda ba za ta kunnu bisa kuskure ba. Ga wasu kayan, kamar famfon keke, an yarda da kwalabe huɗu marasa kama wuta, kowace kada ta wuce mililita 50, wato giram 28 na gaz karbonik, su ma da yardar kamfani.

Gaz ɗin girki ba ya cikin wannan sassauci. Ƙaramar kwalbar risho da gwangwanin dura laita haramun ne a jakar hannu da babbar jaka. Babbar tukunya kuwa ba ta shiga jirgin fasinja ko a matsayin kayan dako. Laita ƙarama guda ɗaya ana barin mutum da ita a aljihu, ba a jaka ba. Turare da man feshi na jiki an yarda da su, kowane kada ya wuce rabin lita, jimilla lita 2.

Maniyyata aikin hajji su ne wannan ya fi shafa. A ranar 15 ga Afrilu 1997 gobarar da aka danganta da tukunyar gaz ta girki ta cinye dubban tantuna a Mina, ta kashe mutum sama da 300. Bayan nan ne Saudiyya ta kafa tantuna masu jure wuta, take kuma hana shiga da tukunyar gaz wuraren ibadar a kwanakin hajji.

Aikawa ta gidan waya ko kamfanin dako

Sassaucin da aka yi wa matafiyi bai shafi mai aika saƙo ba. Yarjejeniyar ƙungiyar gidajen waya ta duniya, UPU, ta hana sa kaya masu haɗari a saƙon ƙasa da ƙasa, in ban da ƴan kaɗan da aka ambata da suna, kuma iskar da aka matse ba ta cikinsu. Wanda ya sayi rigar ceto ta intanet daga Turai ko Dubai, sau da yawa sai dai a aiko masa da ita ba kwalba.

Ta jirgin dako ana iya aikawa, amma da kwali mai ƙarfi, da alamar aji da lambar UN a jikinsa, da takardar bayanin kaya masu haɗari wadda mai aikawa ya sa wa hannu. Nauyin bayanin yana wuyan mai aikawa. Abin da ɓoye shi ke jawowa an gan shi a Amurka ranar 11 ga Mayu 1996: an loda wa jirgin ValuJet na'urorin samar da iskar shaƙa da aka rubuta cewa fanko ne, suka kama da wuta a ɗakin kaya, jirgin ya faɗi a Fulorida da mutum 110, ba wanda ya tsira. Tukunyar da gaz ɗinta ya ƙare ma doka tana ɗaukarta a matsayin cikakkiya muddin ba a wanke cikinta ba, domin kullum da saura.

A kan hanyoyin Ƙonni, Malbaza da Illela

Tun da matatar SORAZ ta Damagaram ta fara aiki a 2011, gaz ɗin girki ya yawaita a gidaje, tukwane masu kilo 6 da kilo 12,5 suka shiga kabu-kabu, amalanke da motocin kasuwa, daga Ƙonni zuwa Malbaza, daga Tsarnawa zuwa Badagishiri da Illela. Ƙa'idodin ɗaukarsu kaɗan ne. Tukunya a tsaye take tafiya, a ɗaure, bakinta a rufe da murfinsa, an cire mata tiyo da kan risho. Ba a sa ta inda fasinja ke zaune, ba a rufe ta a but ɗin mota a rana, ba a jefo ta daga saman kamiyo, ba a shan taba kusa da ita. Direba ko mai karɓar saƙo a tasha yana da haƙƙin sanin abin da ke cikin buhu, da ikon ƙin ɗauka.

Ana cika tukunya ne zuwa kashi 80 ko 85 cikin ɗari kawai, don ruwan gaz ya samu wurin buɗewa in ya ji zafi. Durawa daga tukunya zuwa tukunya a bayan shago, ba ma'auni, tana cinye wannan fili, kuma irin wannan tukunya ce ke fashewa a hanya. Ƴan kwalaben da aka yi don amfani sau ɗaya ba a sake dura musu, ba a huda su, ba a jefa su wuta ko da fanko ne.

In aka ji warin gaz a mota, a tsaya, a kashe inji, fasinjoji su sauka su koma gefen da iska ke fitowa, nesa da rami ko kwata. Kada a kunna laita ko fitila don neman inda yake zuba; ruwan sabulu yana nuna wurin da kumfa. In motar tanki ce ta faɗi, nisanta ita ce kariya: a watan Mayu 2019, kusa da filin jirgin Yamai, sama da mutum 50 sun mutu lokacin da tankin mai ya fashe suna kwasar abin da ya zuba. Lambar ƴan kwana-kwana a Nijar ita ce 18, kuma faɗa musu alƙaluman da ke kan allon motar yana taimaka musu su taho da kayan da suka dace.