Amsoshin Takardunku: Wa Ya Tsara Jerin Magungunan Inshora?

Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwa daga unguwar Gidan Igwai a birnin Sakkwato, ya aiko da takarda yana tambaya: wai don me, tun da ya shiga inshorar lafiya, in ya nemi maganin da ya saba sha, sai likita ya ce ba ya cikin jeri? Shin wa ya tsara wannan jeri?

To Malam, mun gode da takardarka. Wannan magana tana da dogon tarihi. A shekarar 1977 ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin muhimman magunguna na farko, kimanin guda 200, domin ƙasashe matalauta su daina ɓarnar kuɗi wajen sayo magunguna barkatai. A 1987 kuma ministocin lafiya na Afirka suka taru a Bamako ta ƙasar Mali, suka amince da tsarin asusun juya kuɗin magani, wato a sayar da sauƙi, a sake saro wani da kuɗin.

Nan gida Nijeriya, a 1989, zamanin mulkin Janar Babangida, lokacin Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yana ministan lafiya, aka kafa doka mai lamba 43 a kan jerin magungunan ƙasa. Ita kuwa dokar inshorar lafiya, wato NHIS, an kafa ta a 1999, amma sai 2005 Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar da shirin. A 2022 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar doka, hukumar ta koma NHIA. Jihar Sakkwato ma tana da tata hukumar, SOCHEMA.

Yanzu ga yadda abin yake taɓa alƙalamin likita. Inshora tana biyan kuɗin maganin da ke cikin jerinta ne kawai, a kan farashin da ta ƙayyade. Kuma da sunan sinadari ake rubuta shi, ba da sunan kamfani ba. Misali, Panadol sunan kamfani ne, sinadarinsa kuwa farasitamol. A tsarin ma'aikatan tarayya, majiyyaci yakan biya kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani. In likita ya fita daga jeri, ko dai asibiti ya yi asara, ko kai ka biya duka daga aljihunka. Shi ya sa kake ganin yana yin taka-tsantsan.

Amfanin tsarin shi ne sauƙin kuɗi ga talaka. Illarsa kuwa, wani lokaci maganin da ya fi dacewa da ciwonka ba ya ciki, ko yana ciki amma a ce ya ƙare, ka koma kemis.

Saboda haka jama'a, arha ba ita ce jabu ba. Ku riƙa tambayar likita sunan sinadarin, ku duba lambar NAFDAC a jikin kwali. In kun sha ba ku ga sauƙi ba, ku koma ku gaya masa gaskiya, kada ku canza da kanku. Allah Ya ba mu lafiya, amin.