Alƙawarin Talla da Hukuncin Daren Farko: Nazarin Ra'ayoyin Masu Kallo a kan Fim ɗin Bug na William Friedkin

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci yadda masu kallo suka karɓi Bug, fim ɗin rikita tunani da tsohon darakta William Friedkin ya shirya, wanda aka fara nunawa a bikin finafinai na Cannes a 2006, aka kuma sake shi a gidajen sinima na Amurka a 2007. Fim ɗin ya ci kyautar ƙungiyar masu sharhin finafinai ta duniya a Faransa, amma 'yan kallon daren farko a Amurka suka ba shi maki mafi ƙasƙanci da kamfanin CinemaScore ke bayarwa. An ɗora nazarin a kan ra'in karɓuwa, aka dubi tallar fim ɗin da zubinsa da ma'aunin da aka auna ra'ayin jama'a da shi. Maƙalar ta gano cewa makin ya fi nuna saɓanin da ke tsakanin abin da aka yi wa mutane alƙawari da abin da suka tarar, sai dai zubin fim ɗin kansa yana da nasa kason a cikin wannan ƙiyayya.

1.0 Gabatarwa

An haifi Friedkin a Chicago a 1935, ya rasu a 2023. Fim ɗinsa The French Connection na 1971 ya ba shi kyautar Oscar ta gwarzon darakta, sannan The Exorcist na 1973 ya zama ɗaya daga cikin finafinan ban tsoro da suka fi kawo kuɗi a tarihi. Daga nan tauraruwarsa ta riƙa dusashewa. Sorcerer na 1977 ya fito a daidai lokacin da Star Wars ya mamaye kasuwa, ya faɗi warwas, Cruising na 1980 kuma ya jawo masa zanga-zanga tun ana ɗaukarsa a New York. Lokacin da ya je Cannes da Bug yana ɗan shekara 70, kuma an daɗe da daina lissafa shi cikin waɗanda kasuwa ke jira.

Asalin labarin wasan daɓe ne na Tracy Letts, wanda aka fara yi a Landan a 1996, aka sake yi a New York a 2004. Letts ne ya mayar da shi rubutun fim, Michael Shannon kuma ya ci gaba da rawar da ya taka a daɓe. Ashley Judd ta fito a matsayin Agnes, ma'aikaciyar mashaya da ke zaune a wani tsohon masaukin gefen hanya a jihar Oklahoma. Ɗanta ya ɓace a kanti shekaru da suka wuce, tsohon mijinta mai dukanta kuma ya fito daga kurkuku. Ƙawarta ta kawo mata wani baƙo mai kunya, Peter, wanda ya ce shi tsohon soja ne. Bayan sun shaƙu sai ya fara ganin ƙananan ƙwari a gado, daga bisani ya ce a jininsa suke, kuma sojojin Amurka ne suka dasa masa su. Agnes ta bi shi. Suka lulluɓe ɗakin da takardar alminiyam, Peter ya cire haƙorinsa da filaya, ya kashe likitan da ya zo nemansa, a ƙarshe suka zuba wa kansu fetur suka ƙyasta ashana.

Tambayar da maƙalar ke son amsawa ita ce: me ake nufi idan aka ce "masu kallo sun ƙi fim", alhali wasu masu kallon sun ba shi kyauta?

2.0 Ra'i da Dabarun Bincike

Hans Robert Jauss, a laccarsa ta 1967 a Jami'ar Konstanz ta Jamus, ya nuna cewa mai karatu ba ya zuwa wa aikin adabi da zuciya fanko. Yana zuwa da tsammanin da ayyukan baya suka gina masa, kuma da wannan tsammanin yake yanke hukunci. Janet Staiger ta shigo da irin wannan tunani fagen nazarin fim a 1992, inda ta nemi a riƙa duba yanayin tarihin da aka yi kallon. Jonathan Gray kuma a 2010 ya ja hankali ga abubuwan da ke kewaye da fim, kamar fosta da tirela, yana mai cewa su ne ke fara ƙera ma'ana tun mutum bai sayi tikiti ba.

Ba a rarraba takardun tambayoyi a wannan bincike ba. An dogara ne da fim ɗin kansa, da kayan tallarsa, da alƙaluman kasuwa da aka wallafa, da makin CinemaScore, da kuma sharhin da aka yi a kansa.

3.0 Abin da Alƙaluma Suka Nuna

A watan Mayu na 2006 aka nuna Bug a sashen daraktoci na bikin Cannes, ya kuma samu kyautar FIPRESCI, wato ƙungiyar masu sharhin finafinai ta duniya. Kamfanin Lionsgate ya sake shi a Amurka ranar 25 ga Mayu, 2007, a gidajen sinima sama da 1,600. Ranar ce kuma kashi na uku na Pirates of the Caribbean ya fito, wanda ya tara sama da dala miliyan 100 a kwana uku. Bug ya tashi da dala miliyan 3 da 'yan kai, ya zo na huɗu. Jimillar abin da ya samu a duniya ta kai kimanin dala miliyan 8, a kan kuɗin shiri na kusan miliyan 4. Ke nan bai yi asarar da ake yawan jingina masa ba, ko da yake kuɗin talla ba ya cikin wannan lissafi.

Masu sharhi sun rabu, amma rinjaye na wajen masu yabo. Roger Ebert ya ba shi taurari uku da rabi cikin huɗu, yana jinjina wa Judd da Shannon. A shafin Rotten Tomatoes kimanin kashi 60 cikin ɗari na sharhin ƙwararru yabo ne, yayin da makin jama'a bai kai rabi ba. CinemaScore kuwa F ya ba shi.

3.1 Wa Ake Tambaya a Daren Farko?

Sai an fahimci yadda ake samar da wannan harafi kafin a ɗora masa nauyi. Ed Mintz ne ya kafa CinemaScore a ƙarshen shekarun 1970, kamfanin kuma yana Las Vegas. Ma'aikatansa kan raba ƙananan katuna ga 'yan ɗaruruwan mutane a wasu birane a daren da fim ya fito, kowa ya zaɓi maki daga A zuwa F, ya kuma faɗi abin da ya kawo shi. Wanda ya fito daga gida ya biya kuɗi a daren farko, mutum ne da talla ta riga ta shawo kansa. Shi ya sa yawancin finafinai ke samun A ko B, C ma kan zama abin tayar da hankali ga masu kamfani. Finafinan da suka taɓa samun F ba su wuce ashirin da 'yan kai ba.

Jerin nasu yana da ban mamaki. Akwai tarkace a ciki, ba shakka, amma akwai Dr. T & the Women na Robert Altman a 2000, da Solaris na Steven Soderbergh a 2002, da In the Cut na Jane Campion a 2003, da Killing Them Softly na Andrew Dominik a 2012, da mother! na Darren Aronofsky a 2017. Abin da ya haɗa waɗannan shi ne sanannen jarumi a fosta, da tallar da ta jingina fim ɗin ga wani rukuni da jama'a suka saba da shi, sannan fim ɗin ya ƙi bin dokokin rukunin. Fim mara kyau da ya cika alƙawarinsa kan tsira da C ko D. F na fusatattu ne, waɗanda suka ji an yi musu sakiyar da ba ruwa.

4.0 Talla da Tsammani

A 2007 sunan Lionsgate ya riga ya zama tambarin wani irin fim. Shi ya saki Saw a 2004 da Hostel a farkon 2006, finafinan azabtarwa da zubar da jini da matasa suka yi wa rubdugu. Tallar Bug ta bi wannan sahu. Ta sa gaba da cewa daraktan The Exorcist ne, aka tsinto wuraren jini da ihu na ƙarshen fim aka harhaɗa tirela mai sauri, har mai kallo zai ɗauka wata annobar ƙwari ce za ta afka wa mutane. Friedkin kansa bai yarda da wannan laƙabi ba. Ya bayyana fim ɗin a matsayin labarin soyayya mai ɗauke da baƙar barkwanci.

Wanda ya shiga sinima da wancan tsammani, abin da ya tarar shi ne kusan minti 100 a ɗaki ɗaya, rabin farko hira ce tsakanin mutum biyu masu kaɗaici. Ba dodo, ba gudu, ba wanda ya tsira ya ba da labari. Kamar wanda ya aika a sayo masa fura ne aka dawo masa da jiƙon maɗaci: ko maganin na da amfani, ba shi ya aika ba.

5.0 Kason Fim ɗin Kansa

Masu kare Bug sukan tsaya a nan, su ɗora wa Lionsgate laifin duka. A ganin wannan maƙala hakan bai wadatar ba, domin ko da an tallata shi da gaskiya, akwai abubuwa a zubinsa da za su kori mai kallo na yau da kullum.

Babba daga ciki shi ne fim ɗin ya hana mai kallo wurin tsayawa. Likitocin ƙwaƙwalwa sun san cutar da mutum ke gaskata cewa ƙwari na cin jikinsa. Karl-Axel Ekbom na Suwidin ya yi bayaninta a 1938. Sun kuma san yadda ruɗin mutum ɗaya ke kama na kusa da shi, kamar yadda Lasègue da Falret suka rubuta a Faransa a 1877. Da Friedkin ya so, da ya tsayar da kyamara a gefen masu lafiya, mu kalli majinyata biyu muna tausaya musu. Bai yi haka ba. Ban da wasu hotuna masu wucewa kamar ƙiftawar ido, ba a nuna mana ƙwarin, amma ana jiyar da mu ƙarar jirgi mai saukar ungulu, ɗakin ya girgiza, waya ta yi ta ƙara ba mai magana. Likitan da ya kamata ya zama muryar hankali shi ma halinsa abin tuhuma ne: ya sha ƙwayar da ya tarar a ɗakin, ya kuma yi wa Agnes romon baka game da ɓataccen ɗanta. Mai kallo na jiran wani ya tabbatar masa da gaskiya, har fim ya ƙare babu.

Sannan ba duk abin da Peter ke faɗi ne ƙarya ba. Yana ambaton gwajin Tuskegee, inda hukumar lafiya ta Amurka ta bar ɗaruruwan baƙaƙen fata da ciwon tunjere ba magani daga 1932 zuwa 1972. Yana ambaton Timothy McVeigh, tsohon sojan yaƙin Tekun Fasha da ya tayar da bam a birnin Oklahoma a 1995, mutum 168 suka mutu. Letts ɗan jihar ne, wasan kuma ya fito shekara guda bayan harin. Ruɗin Peter an saƙa shi ne da zaren gaskiya, wannan ne ya sa warware shi ke da wuya.

Akwai kuma batun murya. Fim ɗin ya fara a natse, ya ƙare da doguwar maganar Agnes, inda take ɗinke ɓatan ɗanta da zuwan Peter da sojoji da ƙawarta su zama ƙulli ɗaya, tana ihu tana murna. A daɓe, inda 'yan kallo ke shaƙar iska ɗaya da 'yan wasa, irin wannan hauhawa kan kama mutum. A babban allo, da fuska kusa-kusa, tana iya zama abin dariya, kuma mai kallo ba ya da tabbacin ko an yarda ya dara. Wanda bai san ko da gangan aka ba shi dariya ba, sau da yawa yakan yanke cewa fim ɗin ne ya lalace. Nan ne, a fahimtar wannan bincike, mafi yawan F ɗin suka fito, domin ana cika katin ne mintuna kaɗan bayan wutar ƙarshe.

Abin lura a gefe: masu yabo da masu suka ba su yi saɓani a kan abin da suka gani ba. Duka sun ce fim ɗin na da ƙunci, yana da wuyar zama, ƙarshensa ya wuce gona da iri. Bambancin shi ne wasu sun ɗauki wannan a matsayin nasara.

6.0 Masu Kallo na Baya

Fim ba ya ƙarewa a makon farko. A 2008 Letts ya ci kyautar Pulitzer da wasansa August: Osage County, Shannon kuma ya shiga takarar Oscar da Revolutionary Road na shekarar. Waɗanda suka nemi Bug a faifai ko a intanet bayan haka sun zo ne don marubucin da jarumin, sun kuma san ba dodo za su gani ba. Yanayin duniya ma ya sauya. A 2012 hukumar CDC ta Amurka ta fitar da sakamakon bincike a kan cutar da ake kira Morgellons, wadda masu fama da ita ke cewa zaruruwa na fita daga fatarsu, ba ta kuma gano wata ƙwayar cuta ba. Gidan wasan Steppenwolf na Chicago ya dawo da wasan a farkon 2020, annobar korona ta katse shi, aka ci gaba a 2021, lokacin da jita-jitar dasa na'ura ta hanyar allurar rigakafi ta cika kafafen sada zumunta. Abin da ya yi kama da wuce gona da iri a 2007 ya zama abin da mutane ke gani a danginsu.

Wannan bai sa hukuncin daren farko ya zama kuskure ba. Shaida ce ingantacciya a kan wasu mutane a wani dare, kuma manazarci na iya amfani da ita matuƙar bai kira ta "ra'ayin masu kallo" gaba ɗaya ba. Har samuwar makin ma ta rataya ne a kan shawarar kasuwanci, domin a al'ada CinemaScore finafinan da aka sake a gidaje masu yawa lokaci guda yake aunawa. Da Lionsgate ya fara da 'yan gidaje a New York da Los Angeles, kamar yadda aka saba yi wa finafinan da suka fito daga bukukuwa, da babu wanda zai raba katin. Killer Joe, aikin Friedkin da Letts na biyu, wanda ya fi Bug tsanani har hukumar tace finafinai ta ba shi tambarin NC-17 na manya zalla, ta wannan ƙaramar hanya aka sake shi a 2012.