Tarihin Sinadarin Girma Tsakanin Shanu da Ɗan Adam

A 1944 Li da Evans suka tace sinadarin girma daga shanu a Amurka. Da aka gwada shi ga yaran da suka tsumbure, bai yi aiki ba. Tilas likitoci suka riƙa ciro na gawawwakin mutane har 1985, lokacin da aka gano yana yaɗa cutar ƙwaƙwalwa.

Binciken Michael Wallis na Jami'ar Sussex a 1994 ya haskaka dalili: ƙwayar gadon sinadarin ta daɗe kusan ba sauyi a yawancin dabbobi masu shayarwa, amma ta sauya da hanzari a birai da ɗan Adam, da dabbobi masu tuƙa.

Saboda haka, mu masu nazarin bunaji da awakin ƙasar Dutse, kada mu ɗora musu sakamakon wata dabba sai mun gwada.