Mugun Mariƙin Maraya a Adabin Turai: Asalinsa da Sauye-sauyensa

Mugun mariƙi, wato wanda aka damƙa wa maraya da dukiyarsa ya cinye dukiyar ya kuma gallaza wa yaron, yana cikin tsofaffin miyagu a labaran ƙirƙira na Turai. Tushensa na cikin dokokin gado. A duk inda doka ta miƙa yaro ga mutumin da zai gaje shi idan ya mutu, ta haɗa amana da kwaɗayi a hannu guda, kuma a nan marubuta suka samo shi.

Tun zamanin Girkawa ana kai irin wannan ƙara kotu. Demosthenes, mashahurin mai jawabi na birnin Atina, yana ɗan shekara 7 mahaifinsa ya rasu ya bar dukiya a hannun mutum uku, biyu daga cikinsu dangi ne. Da ya balaga sai ya tarar sun wawashe mafi yawanta, ya kai ɗayansu, Aphobus, ƙara ya yi nasara. A tsohuwar dokar Rum kuwa, idan uba bai bar wasiyya ba, riƙon maraya kan koma ga namiji mafi kusa a dangin uba, wanda shi ne magajin yaron.

A Ingila ne lamarin ya zama sana'a sosai. A da, idan babban mai ƙasa ya mutu ya bar magaji ƙarami, sarki ke karɓar riƙonsa da amfanin gonakinsa har ya cika shekara 21, kuma yana da ikon zaɓa masa matar aure. Ɓarnar ta yi yawa har yarjejeniyar Magna Carta ta 1215 ta hana mariƙi lalata ƙasar maraya, ta kuma wajabta masa kula da gidaje da wuraren niƙa. Duk da haka, a 1540 Sarki Henry na Takwas ya kafa kotu ta musamman mai kula da marayun masu ƙasa, wadda a aikace take sayar da riƙonsu ga mai kuɗi. Wanda ya saya kan sare itatuwan gona ya sayar, ya kuma aurar da yaron ga 'yarsa don dukiyar ta zauna a gidansa. Sai a 1660 aka soke tsarin da doka.

A wannan yanayi ne mugun baffa ya shiga adabi. Shakespeare ya nuna Richard na Uku yana sa a kashe 'ya'yan yayansa biyu, waɗanda suka ɓace a Hasumiyar Landan a 1483, don ya tsira da sarauta. A 1595 kuma aka yi rajistar waƙar nan da daga baya aka sani da Babes in the Wood. A cikinta wani uba yana kan gargara ya bar wa ɗan'uwansa yara biyu, bisa sharaɗin cewa gadonsu zai koma gare shi idan suka mutu kafin su girma. Baffan ya yi hayar 'yan daba biyu, ɗayansu ya ji tausayi ya kashe abokinsa, amma ya watsar da yaran a daji har suka mutu. Wannan labari ya kafa tsarin da aka yi ta maimaitawa: wasiyya, ɗan'uwan uba, da yaron da mutuwarsa riba ce ga mai riƙonsa.

Abin ya faru a zahiri ma. A 1728 baffan wani yaro, James Annesley, ya sa aka sace shi daga Ailan, aka kai shi Amurka yana bauta, don ya mallake sarauta da filayen gidansu. Yaron ya dawo bayan fiye da shekara 10, ya ci shari'a a Dublin a 1743, amma ya mutu a 1760 bai karɓi gadon ba. Ana ganin wannan shari'a na cikin abubuwan da suka zaburar da Robert Louis Stevenson wajen rubuta Kidnapped a 1886, inda marowacin baffa Ebenezer ya tura David Balfour hawa matakalar da ba a ƙarasa ba cikin duhu don ya faɗo, sa'annan ya sa aka yi awon gaba da shi a jirgin ruwa.

Ƙarni na 19 ya kawo sauyi mafi muhimmanci, domin marubuta sun juya ga marayan talaka, wanda kuɗin ciyarwarsa kaɗai ake ci. A Oliver Twist, wanda Charles Dickens ya fara bugawa a 1837 bayan sabuwar dokar matalauta ta 1834, hukuma na biyan Misis Mann, mai renon marayu, kwabo bakwai da rabi a mako kan kowane yaro, ita kuwa tana soke mafi yawa a aljihu tana barin su da yunwa. A Jane Eyre na Charlotte Brontë, 1847, matar kawun Jane ta karya alkawarin da ta yi wa mijinta, har ta ɓoye wasiƙar da za ta sada yarinyar da dukiya. Amma babu wanda ya kai iyalin Thénardier a littafin Victor Hugo na Faransa, Les Misérables, 1862. Sun karɓi riƙon wata yarinya, Cosette, a kan faran 7 a wata, suka yi ta ƙara kuɗin da ƙaryar rashin lafiya har uwarta ta sayar da gashinta da haƙoranta, alhali yarinyar tana cin abinci ƙarƙashin tebur tare da kare da kyanwa, ana aikenta ɗebo ruwa a daji da dare. Ƙarfin waɗannan littattafai shi ne sun ɗora laifin har a kan unguwa da hukuma da suka gani suka yi shiru.

Da dokokin kare yara suka ƙarfafa a ƙarni na 20, irin su dokar ɗaukar riƙo ta Ingila ta 1926, sai wannan mugu ya fi yawa a littattafan yara, inda ake zuzuta muguntarsa. Roald Dahl ya ba maraya James gwaggwanni biyu azzalumai a 1961, J. K. Rowling kuma ta kwantar da Harry Potter a ɗan akurkin da ke ƙarƙashin matakalar gidan masu riƙonsa, iyalin Dursley, a 1997. A 1999 Daniel Handler, da sunan Lemony Snicket, ya fito da Count Olaf, ɗan wasan kwaikwayo da aka ba riƙon marayun Baudelaire uku. Tun da ba zai iya taɓa dukiyarsu ba sai babbarsu Violet ta balaga, sai ya shirya aurenta da dabara a cikin wasan dandamali, domin dokar labarin ta ba miji iko da dukiyar matarsa.